Yadda na daidaita rufin gida mai siffar L a manhajar zane

Kwana uku rufin nan yana ba ni wahala. Gidan mai siffar L ne: babban ɓangaren faɗinsa mita 8, reshen kuma mita 6. Duk lokacin da na sa manhajar ta haɗa rufin da kanta, ƙololuwar reshen sai ta tsaya ƙasa da ta babban, alhali ni so nake su haɗu a layi ɗaya.

Na fara zargin bango, na goge na sake zanawa, babu canji. Na ja ƙololuwar sama da hannu, sai kwarin da rufin biyu ke haɗuwa ya tsage, ana hango katako ta ciki.

Ashe lissafi ne. Duka biyun gangarensu digiri 30 na sa. Rabin mita 8 a wannan gangare yana tashi mita 2.31, rabin mita 6 kuwa 1.73 kawai.

Sai na kashe haɗin atomatik, na bar babban a digiri 30, na mai da reshen 37.6. Ƙololuwa ta haɗu. Amma bakin rufin reshen ya sauko fiye da ɗayan, kuma nan ne mutum zai iya karaya. Fitar bakin babban santimita 60 ce, wato saukar santimita 35. Na rage fitar bakin reshen zuwa santimita 45, suka zo daidai. Daga nan na zaɓi fuskokin biyu na haɗa su, kwarin ya rufe ruf.

Alhamdulillah, yau zan yi barci.