Hakin kwanakin farko a Addis Ababa

Duk wanda aiki ya kawo Addis Ababa daga gida, ko a Tarayyar Afirka ne ko karatu ko kasuwanci, akwai gaisuwar da garin ke yi masa tun kafin ya gama sauke kaya, wato haki. Ni a benen gidan da na sauka ta same ni. Hawa biyu kacal, da jaka ɗaya a hannu, sai ga ni riƙe da ƙarfen matakala, zuciya na dukan uku-uku. Na ɗauka hawan jini ne, ashe tudu ne.

Kano tana kan tudun da bai kai mita 500 ba daga gaɓar teku, Jos kuwa kusan 1,200. Addis tana wajen mita 2,350, dutsen Entoto da ke bayanta ya kai 3,000. Iskar nan ma kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, daidai da ta gida. Nauyinta ne ya ragu, daga 760 a ma'aunin likitoci a bakin teku zuwa wajen 580. Huhunku bai ƙanƙance ba. Kuna shaƙar kusan rabin lita a kowane numfashi kamar kullum, sai dai abin da ke tura oksijin ya ratsa 'yan jakunkunan huhu ya shiga jini ya yi rauni. Dole jiki ya ƙara yawan numfashi da zurfinsa.

A nan ne lissafin ke ɗan rikicewa, kuma masu girki za su fi kowa ganewa. Jini yana da ma'aunin tsami da kanwa, wanda likitoci ke kira pH, kuma ba ya son ya fita daga 7.35 zuwa 7.45. Iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa ita ce ɓangaren tsamin. In kuna numfashi da sauri, kuna zubar da ita fiye da kima, sai jinin ya karkata wajen kanwa. Ƙwaƙwalwa kuma ta taka wa numfashin birki, alhali oksijin ake nema. Wannan ja-in-ja ne ke sa baƙo ya farka tsakar dare a firgice kamar an shaƙe shi, ko matarsa ta ce numfashinsa na ɗaukewa ya dawo. Ƙoda ce ke raba gardama, ta riƙa zubar da sinadarin bikabonat, wato kanwar jinin, ta fitsari. Aikin yakan ɗauki 'yan kwanaki. Ƙaruwar jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai an yi makonni.

Saboda haka a makon farko a bi jiki a hankali. Ku sha ruwa sosai, don iskar a bushe take kuma numfashi na kwashe ruwan jiki, musamman in zuwan ya dace da azumi. Ku bar ƙwallo da gudun safe tukuna. In abokai suka ce a hau Entoto ranar Asabar ta farko, ku ce sai wani jiƙon. Maganin barci ma a guje shi, yana ƙara danne numfashi. Akwai ƙwayar Diamox da ke hanzarta aikin ƙoda, amma likita ne ke rubuta ta, ba a karɓa daga jakar abokin aiki. Ciwon kai da kasala da rashin son abinci na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Haki kuna zaune ba ku yi komai ba, tari mai kumfa, leɓe ya canza launi, tafiya da tangaɗi ko ruɗewa, waɗannan na asibiti ne nan take.

Maganar da na fi so a ji ita ce ta sikila, don mu ta fi shafa. Ƙarancin oksijin na lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai SS, su toshe hanya, ciwo ya tashi. Kada a taso da yaro mai sikila sai an zauna da likitansa. Mai AS ma, da ya saba jin cewa shi lafiyarsa ƙalau, a kan tudu saifarsa na iya samun matsala, ko da yake ba kasafai ba. Ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ba na jiƙa kanwa a sha ba ne. Ku je asibiti, ku kuma faɗa musu ku AS ne tun kafin a tambaya.

In kun sayi 'yar na'urar auna oksijin jini da ake maƙalawa a yatsa, kada ku tsorata don kun ga 93 maimakon 98 da kuka saba gani a gida, haka tudu yake. Amma kada ku ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari. A kan baƙar fata takan nuna adadi sama da na ainihi, jan farce da sanyin yatsa kuma na rikita ta.

Sai daminar nan, daga Yuni zuwa Satumba, mai sanyi har cikin ƙashi. Za ku ga maƙwabta na gasa buna, wato gahawa, a kan gawayi, ku ma ga kaskon turaren wuta kun zo da shi, sai zuciya ta raya muku a rufe tagogi a ji ɗumi. Gawayi na fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Na'urar yatsa ba ta gane ta, sai ta nuna komai lafiya. In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai da jiri a tare, a buɗe ƙofa a fita waje, sannan a nemi asibiti. Ba a kwana da garwashi a ɗaki.

Af, wake ma zai ba ku haushi. Ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 92, bai kai zafin na gida ba, don haka ku jiƙa waken tun dare, ko ku nemi tukunyar matsi a babbar kasuwar Merkato.