Kurakuran da Ake Yi Wajen Cin Moriyar Ƙungiyoyin Ƙwararru a Wurin Aiki

Na gaji da ganin sababbin jami'an kula da ma'aikata suna maimaita kurakurai iri ɗaya game da ƙungiyoyin ƙwararru. Mutum zai kama aiki da zafinsa, ya ji cewa akwai ƙungiyoyin da ke horar da shugabanni, ya yi ta faɗi-tashi har a ware kuɗin horo a kasafin shekara, sannan bayan an ɗan jima a duba a tarar kuɗin ya tafi, shugabannin sassa suna nan yadda suke, ƙananan ma'aikata kuma gwiwarsu ta ƙara yin sanyi. Daga nan sai a ɗora wa ƙungiyoyin laifi, a ce ba su iya komai ba sai karɓar kuɗin shekara. A ganina mafi yawan laifin yana cikin ofisoshinmu ne.

Waɗannan ƙungiyoyi ba jiya aka kafa su ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta NSE ta fara tun 1958, cibiyar NIM ta masu harkar gudanarwa ta biyo baya a 1961, ICAN ta akantoci ta samu dokarta a 1965, ita kuwa CIPM, wadda ta fi shafar irin aikinmu na kula da ma'aikata, an kafa ta a 1968, doka ta ba ta cikakken iko a 1992. Abin da suke bayarwa ya haɗa da jarrabawar ƙwarewa, da bitar da ake wajabta wa mamba domin kada iliminsa ya tsufa, da ƙa'idojin ɗa'a, da tarukan rassa a jihohi, da babban taron shekara. Kayan aiki ne masu kyau, sai dai yadda muke riƙe su ne matsalar.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne mayar da gurbin bita ladan biyayya. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san yadda abin yake tafiya. Takardar gayyata za ta iso, a buga mata hatimi, a kai ta teburin darakta, kafin ta dawo an riga an rubuta sunaye da jan biro a gefenta: shi kansa, da mataimakinsa, da wani wanda aka daɗe ba a yi masa alheri ba. Babu wanda ya karanta abin da za a koyar. Abin da aka lissafa shi ne kwana nawa za a yi a Abuja ko Legas, da kuma alawus ɗin kowane dare. Su je su sa hannu a rajista da safe, kafin azahar rabinsu suna kasuwar Wuse suna sayayyar tsaraba. Su dawo da jaka mai tambarin ƙungiya, da biro, da ɗan littafin rubutu wanda shafinsa na farko kaɗai aka taɓa, da takardar shaida da za a saka a gilashi a rataya a bango.

Wannan ɗabi'a ta taɓa jawo mini asarar da har yau nake jin ciwonta. A wata ma'aikata da na yi aiki, akwai wata matashiya a sashen kuɗi wadda ita ce take riƙe da lissafin albashi gaba ɗaya, ita ce kuma take zaunar da sababbin ɗauka tana koya musu aiki, ba tare da wani ya ba ta wannan muƙami a rubuce ba. Da gayyatar wata bita kan jagorancin ƙananan sassa ta zo, na sa sunanta a farko. Takarda ta dawo an soke shi, an sa sunan wani babba da ritayarsa ta kusa. Na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bita ta waɗanda za su riƙe sashe nan gaba ce." Aka ce mini ai yarinya ce, lokacinta yana zuwa. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da biyan kuɗin jarrabawarta daga albashinta, kuma a taron reshen ƙungiyarsu ne wani kamfani ya gan ta ya ɗauke ta. Watannin da suka biyo baya albashi ya riƙa fita da kuskure, wani an yanke masa bashin da ya gama biya, wani an tsallake masa ƙarin girma, kuma ƙofata ce kowa yake bugawa. Babban da ya je bitar kuwa ya yi ritaya da takardarsa a bango.

Tun daga nan na ɗauki wata al'ada, ba kuma ina cewa kowa ya yarda da ita ba ne. Tun farkon shekara, kafin wata gayyata ta iso, nake tsara sunayen waɗanda ke buƙatar horo da dalilin kowane, in kai wa shugaba ya sa hannu a lokacin da babu alawus a gaban idon kowa. Duk wanda zai tafi sai ya rubuta mini shafi guda a kan matsalar sashensa da yake son ya samo mata magani. Idan ya dawo, ba na sa hannu a takardar kammala lissafin tafiyarsa sai ya tara mutanen sashensa ya bayyana musu abin da ya koyo da abin da zai canza. Bayan wata uku nakan je in tambayi na ƙasa da shi, ba shi ba, ko sun ga wani sauyi. An sha ce mini ina da tsanani. Ban damu ba, domin tun da aka gane cewa bita tana zuwa da aiki a bayanta, masu neman tafiya domin kuɗin dare suka ragu da kansu.

Kuskure na biyu mai nauyi shi ne ɗaukar takardar ƙwarewa a matsayin shaidar iya shugabanci. Akanta ya ci jarrabawar ICAN ko ta ANAN, wadda ita ma ƙungiyar akantoci ce, sai a ce tun da ya fi kowa takarda shi zai riƙe sashe, alhali jarrabawar ta auna saninsa ne a kan lissafi da haraji da binciken kuɗi, ba ta auna yadda zai yi da ma'aikacin da ya makara saboda matarsa tana asibiti ba, ko yadda zai raba aiki tsakanin mutum biyu da ba sa ga-maciji. A nan dole in yi magana da ku matasa kai tsaye. Kuna jera haruffa a bayan sunayenku har katin ya cika, amma masinjan ofishinku bai taɓa jin kun tambaye shi lafiyar iyalinsa ba, kuma idan na ƙasa da ku ya kawo shawara sai ku yi masa kallon wanda ya yi rashin kunya. Wace ƙungiya ce ta koya muku haka? Ƙa'idojin ɗa'ar da kuka yi alkawarin bi ranar da aka karɓe ku, kun sake buɗe su kuwa?

Abin da nake yi da irin wannan ƙwararre shi ne in tura shi ya yi hidima a kwamitin reshen ƙungiyarsa na jiha, ko da sakataren kwamitin shirya taro ne. Can ne zai haɗu da mutanen da albashinsu ba ya hannunsa, waɗanda ba zai iya ba su takardar tuhuma ba, wasunsu sun girme shi nesa, kuma dole ya sa su yi aiki kyauta bayan sun tashi daga nasu ofisoshin. Wanda ya iya tara irin waɗannan mutane har taro ya yiwu a kan lokaci, ya koyi rarrashi da sauraro da haƙuri fiye da abin da bitar mako guda a otal za ta ba shi. Nakan kuma nema masa wani dattijo daga cikin reshen, wanda ba ya aiki tare da mu, domin akwai tambayar da mutum ba zai yi wa ogansa ba saboda tsoron kada a ga gazawarsa, amma zai yi wa na waje.

Akwai kuma masu dawowa daga babban taro da takardar tambayoyi ta auna gamsuwar ma'aikata, su raba, a cika, su kulle a durowa. Gara ma ba a tambaya ba, domin ma'aikacin da ya faɗi damuwarsa ya ga an yi shiru ya fi wanda ba a taɓa tambaya ba jin haushi. Ni nakan zaɓi abu biyu da za a iya gyarawa cikin wata guda, ko da famfon banɗaki ne ko jinkirin biyan kuɗin hutu, in gyara, in liƙa sanarwa cewa daga amsoshinsu gyaran ya fito.

Sauran kurakuran ƙanana ne, ko da yake suna cin kuɗi. Kamfanoni da yawa suna biyan hukumar ITF mai kula da asusun horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971 take da hedikwata a Jos, kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, amma ba sa neman a mayar musu da kason da doka ta yarda a mayar wa wanda ya horar da ma'aikatansa, kawai domin ba a sanar da hukumar shirin horon tun da wuri ba kuma ba a adana rasit ba. Wasu suna rikita NSE da COREN, alhali ta farko ƙungiya ce ta injiniyoyi, ta biyu kuma hukuma ce mai yin rajista da ba da izinin aiki. Wasu shugabannin suna tsoron ƙungiyar ƙwararru domin sun ɗauka ƙungiyar ƙwadago ce mai kiran yajin aiki. Akwai kuma cibiyoyin da za su aiko maka da wasiƙa cewa an zaɓe ka babban mamba, ba jarrabawa, ba tantancewa, sai lambar asusun banki. Irin wannan nakan nemi a nuna mini dokar da ta kafa su kafin in buɗe fayil. Mata masu goyo kuma a daina soke sunansu daga jerin masu zuwa bita ba tare da an tambaye su ba, musamman yanzu da ake yin bita da yawa ta intanet. Kuɗin shekara na mamba kuwa, idan ma'aikata ta yi alkawarin biya, a sa shi a kasafi a biya tun watan Janairu, domin na ga wanda aka hana shi shiga zauren taro a gaban na ƙasa da shi saboda bashin da shi bai ma san ana bin sa ba.