Yadda na gyara kuskuren awon nisa daga maɓoya zuwa mashaya

Matsalar ita ce manhajar waya tana ba da nisan da ya saɓa wa awon taku, tsakanin maɓoya da mashayar dabbobi a fadamar Argungu. Ashe laifin ba na tauraron ɗan'adam ba ne. Lambobin wurin na GPS, wato digirorin da waya ke nuna matsayin wuri da su, aka guntule, aka bar uku kacal bayan ɗigo.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, saboda haka 0.001 na digiri mita 111 ke nan. Daga gabas zuwa yamma kuwa, a nan Kebbi wajen digiri 12 arewa da ikwaita, kusan mita 109. Wanda ke auna mita 150 da irin wannan ma'auni, ai canki-canki yake yi. Na mayar da lambobin biyar bayan ɗigo, kowane canjin ɗaya a lambar ƙarshe ya dawo kusan mita ɗaya.

Sai wani tarkon kuma: 12°30' (digiri 12 da minti 30, alhali minti 60 ne digiri ɗaya) daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba. Wannan ruɗanin kaɗai kilomita 22 ne.

A ɗauki lamba a fili, ba ƙarƙashin tsamiya ba, a jira minti biyu ta daidaita. Ko hakan, waya na iya kuskuren mita 5, don haka a tabbatar da taku.