Kada Kunya Ta Sa Ku Rasa Filinku

Jama'a, duk wanda ya ga maƙwabci ya matsar da iyakar gona, ko ya fara aza bulo cikin filinsa, kada kunya ta hana shi magana. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'armu ke bi, akwai hukuncin hauzi: idan bare ya shekara 10 yana noma ko gini a wuri, mai wurin yana gari, yana gani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba, da wuya alƙali ya saurari ƙararsa. Aro, haya da jingina ba sa zama hauzi, amma sai an tabbatar da su. Saboda haka ku rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, ko da ɗan'uwa kuka ara wa.