Darasi na Bakwai: Idan Windows ko Ubuntu Ya Ɓace Daga Jerin Zaɓi

Kwamfutar da aka saka wa Windows da Ubuntu tare tana da jeri biyu da ke tantance wanda zai tashi. Na farko yana cikin BIOS, wato saitin injin kwamfutar kansa. Na biyu shi ne GRUB, allon nan da ke fitowa da sunayen biyun ku zaɓa. Idan ɗaya ya ɓace, kusan kullum yana nan cikin faifai, hanyar zuwa wurinsa ce ta toshe. Kada ku yarda a goge muku kwamfuta kafin a duba waɗannan jerin.

Abin da aka fi kawowa shi ne kwamfuta ta zarce Windows kai tsaye ba ta tambaya ba. Ku kashe ta, ku kunna, ku yi ta danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ko Lenovo ce. In kun ga sunan ubuntu a jerin, lafiya lau yake. Sabunta Windows ne kan tura Windows Boot Manager, wato mai tayar da Windows, gaba a jerin BIOS. Sai ku shiga BIOS da F10 a HP ko F2 a Dell, ku ɗaga ubuntu sama, ku adana. In kun gyara ya sake komawa, agogo ma ya rikice, mai yiwuwa ƙaramin batirin ciki ne ya mutu. Yawanci CR2032 ne, kuma wannan ya yi yawa a kwamfutocin hannu na biyu.

Idan kuwa Windows ne babu a allon GRUB, ku shiga Ubuntu, ku danna Ctrl da Alt da T don buɗe tagar rubuta umarni, ku rubuta wannan don buɗe fayil ɗin saitin GRUB:

sudo nano /etc/default/grub

Ku ƙara wannan layi a ƙasa:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

Dalili kuwa, tun daga GRUB 2.06 aka daina neman sauran tsare-tsare irin su Windows sai an ba da izini. A wannan fayil ɗin ne kuma GRUB_TIMEOUT=10 ke ba ku daƙiƙa goma na zaɓi. Idan allon ba ya fitowa sam, ku mai da GRUB_TIMEOUT_STYLE daga hidden zuwa menu. GRUB_DEFAULT shi ke faɗin wanda zai tashi in ba a taɓa komai ba, amma a lura, ƙirgarsa daga sifili take farawa: layi na uku shi ne 2. Ku adana da Ctrl da O, ku danna Enter, ku fita da Ctrl da X, sannan:

sudo update-grub

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. In ba a rubuta wannan umarni ba, duk gyaran da aka yi bai shiga ba.

Akwai inda wannan ba ya magani: an saka Windows da tsarin UEFI, wato sabuwar hanyar tayar da kwamfuta, Ubuntu kuma da Legacy, wato tsohuwar hanya. GRUB ba zai iya tayar da wanda ke ɗaya tsarin ba, sai an sake saka Ubuntu daidai da na Windows.

Kafin ku taɓa saitin BIOS, ku rubuta lambobin ceto 48 na BitLocker, wato makullin faifai na Windows, a takarda idan yana kunne, domin Windows na iya ƙin buɗewa sai da su.