Yadda na gyara kiliyar da ta yi mini dabbare-dabbare

Tankin babur ɗina na yi wa baƙin fenti, sai na ce bari in rufe shi da kiliya marar sheƙi, irin ta gwangwanin feshi, wato shafin nan marar launi da ake yi a kan fenti don kariya. Ban taɓa yi ba. Da ya bushe sai ga shi dabbare-dabbare: wani gefe na ƙyalli, wani ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka.

Laifina ne, har kashi biyu. Abin da ke kashe sheƙin wani gari ne da ke kwanciya a gindin gwangwani, ni kuwa sau biyar na girgiza na hau feshi. Sannan da yamma na yi, bayan an ɗauke ruwan sama, danshi ya maƙale a ciki. Farin ke nan.

Na haƙura kwana 2 ya bushe sosai. Na jiƙa samfefa mai lamba 1000, wato mai laushi, na goga a hankali, ban bari ta cinye fentin ƙasa ba, na share da tsumma mai tsabta. Ranar da gari ya washe, da hantsi, na girgiza gwangwanin minti 3 cur, ƙwallon ciki yana ta ƙwal-ƙwal. Na ja baya kamar santimita 25, na yi shafi uku sirara, minti 10 tsakani, hannu bai tsaya wuri ɗaya ba.

Ya fito sumul. Ƙanena ya ɗauko man goge mota zai shafa masa, na ƙwace, don wannan man sheƙin zai dawo da shi.