Rainon bonsai na bishiyar mapul: saiwa, gindi, sannan rassa

Bonsai shi ne rainon bishiya a ƙaramin kasko, ta zama 'yar ƙarama mai siffar babba. Mapul bishiyar ƙasashen sanyi ce. Iri biyu aka fi yin bonsai da su: na Japan, wato Acer palmatum, wanda Japanawa ke kira momiji, da mai ganye baki uku, Acer buergerianum, wanda asalinsa ƙasar Sin ne. Dukansu suna zubar da ganye su yi barcin hunturu na watanni, kuma in ba su sami wannan sanyin ba sai su yi ta raunana har su mutu. Don haka watannin da za a ambata nan na Japan da Turai da Amurka ne. Wanda ke Kano ko Zinder gara ya koyi aikin da tsamiya ko cediya.

Babban kuskuren masu farawa shi ne gaggawar saka bishiya cikin ƙaramin kasko mai kyau. Da zarar ta shiga ƙaramin kasko, kaurin gindi ya kusa tsayawa ke nan. Kasko shi ne na ƙarshe.

Fara da dashe ɗan shekara biyu zuwa uku, wanda aka tsirar daga iri. Ka guji mai aure, wato wanda aka haɗa reshensa da gindin wata bishiya, domin tabon auren yakan kumbura ya ɓata gindi har abada. A watan Maris, lokacin da idanun toho suka kumbura amma ganye bai buɗe ba, ka tuge shi, ka wanke saiwar, ka datse uwar saiwa mai nutsewa ƙasa. Saiwoyin gefe ka shimfiɗa su ko'ina a kewaye, ka ɗora gindin a kan tayil ko guntun katako, ka rufe da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Tayil ɗin ne zai hana su nutsewa, sai su bazu a kwance. Wannan shimfiɗar saiwa ita Japanawa ke kira nebari, kuma a mapul ita mai ido ke fara dubawa. In wata saiwa ta fi sauran ƙarfi, ka rage ta sosai ka bar raunanan, in ba haka ba ita kaɗai za ta yi kauri, gindin ya zama mai gefe ɗaya.

Daga nan sai a bar shi a ƙasa ko a faffaɗan akwatin katako shekara uku zuwa biyar, ana taki, ana barin kan ya yi ta tsawo. Idan gindi ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kaurin da ake so, sai a sare shi ƙasa-ƙasa, a zaɓi toho ɗaya ya zama sabon kai, a sake barinsa ya gudu. Sara biyu ko uku a haka su ke ba da gindi mai kauri da ke sirancewa zuwa sama. Kowane babban rauni a gyara bakinsa da wuƙa mai kaifi a shafe shi da man rufe rauni. Kada a yi babban sara gab da toho, domin ruwan jikin mapul yakan yi ta zuba. Tsakiyar Yuni ko bayan zubar ganye ya fi.

Sauya ƙasar kasko kuwa, ƙaramar bishiya duk shekara biyu, tsohuwa shekara uku ko fiye. Amma alama ta fi lissafi: in ka zuba ruwa ya tsaya a sama bai nutse ba, saiwa ta cika kaskon. Haɗin da ya karɓu shi ne akadama (ƙwayoyin yumɓun Japan) awo biyu, dutsen pumis (dutse mara nauyi mai ƙofofi) awo ɗaya, tsakuwar aman wuta awo ɗaya, ƙwayoyin tsakanin milimita 2 zuwa 6. A tankaɗe garin a zubar, shi ke toshe iska ya ruɓar da saiwa.

Ka shirya kaskon kafin ka taɓa bishiyar: raga a kan ramukan ƙasa, waya biyu a zure ta cikinsu. Sannan ka ciro ta, ka tsefe saiwar da tsinke daga gindi zuwa waje, ka yanke duk mai kallon ƙasa har ƙasan ya zama a baje. Matashiya mai lafiya tana jure a cire mata rabin saiwa, tsohuwa kada a wuce kashi ɗaya cikin uku. Siraran saiwoyi suna bushewa cikin mintuna, sai ka riƙa fesa musu ruwa. Ka tara ƙasa ɗan tudu a tsakiyar kaskon, ka murza gindin a kai, ka ɗaure da wayar har in ka girgiza gindi kaskon ya motsa tare da shi. Bishiyar da ke lilo tana tsinka sababbin saiwoyi duk sanda iska ta kaɗa. Ka cusa ƙasa da tsinke har babu rami, ka yi ban ruwa sai wanda ke fita ta ƙasa ya washe. Bayan haka a kare ta daga ƙanƙara da iska, ba taki sai bayan mako huɗu.

Rassa su ne aikin ƙarshe. Mapul tana fitar da toho biyu-biyu suna fuskantar juna. A kowace gaɓa ka bar reshe biyu kawai, domin uku ko huɗu a wuri ɗaya suna haifar da ƙulli. A bishiyar da ta gama gindi, da zarar ganye biyun farko sun fara buɗewa ka tsinke ɗan tohon tsakiya da hantsaki, hakan ke gajarta gaɓa. Mai baki uku tana jure a cire mata ganye duka a Yuni, momiji kuwa ganye ɗaya daga kowane biyu ya isa, kuma ba a yi wa mai rauni. Wayar lanƙwasa ta zama ta alminiyam, kaurinta kusan sulusin reshen, a riƙa duba ta kowane mako, don ɓawon siriri ne, tabon waya kuma yakan shekara da shekaru bai ɓace ba. In bakin ganye ya ƙone, ranar la'asar ce da busasshiyar iska, sai a mayar da ita inda take samun hantsi kawai. Sabon toho kuma a riƙa leƙa ƙarƙashinsa saboda darɓa.